Zaɓin da Fermin Ya Yi a Kan Ruwa

"Fita!"

Muryar Mama Teofila ce ta katse addu'ar kwana tara da ake yi wa mijinta, Baba Lisandro.

Sulma ta ɗago kai a firgice, saura kaɗan kyandir ɗin hannunta ya suɓuce. Matan da ke jan carbi suka yi tsit, makaɗa suka dafe fatun gangunansu. A bakin ajin makarantar, inda guguwa ta ɗauke ƙyauren, Fermin ne tsaye, hula a hannu guda, ɗaya hannun riƙe da kifi a igiya.

"Mama Teofila, gaisuwa na zo yi... na ga yau kwana tara..."

"Na ce ka fita! Uban wa ya ba ka izinin kira na Mama?"

Sulma ta riƙo gefen baƙar rigar mahaifiyarta.

"Mama, don Allah... Fermin ne fa. Shi ya ciro ni daga ruwa."

"Na san wadda ya ciro. Wanda ya bari nake magana a kai!" Ta juya wajen 'yan matan da ke zaune jikin bango. "Yadira, tashi ki faɗa musu abin da kika faɗa mini da safe."

Yadira 'yar maƙwabtansu ce, tare suka tashi da Sulma, tare suke gurza rogo tun suna ƙanana. Ta miƙe tana murza gefen zaninta, idonta a ƙasa.

"Ina cikin kwalekwalen ranar," ta ce. "Ni ya fara tsinta. Muka biyo ta gaban gidanku, Baba Lisandro yana kan rufi yana ɗaga hannu, yana kiran sunansa. Har sau uku. Sai Fermin ya dube shi ido cikin ido ya ce, 'Ashe yau ka san sunan ɗan tudu?' Ya karkata kan kwalekwalen ya wuce."

Wuri ya kaure da kururuwa.

"Ƙarya ne!" Sulma ta yi tsalle ta miƙe. "Fermin, ka gaya musu ƙarya ne!"

"Wannan maganar ba ta fito daga bakina ba," ya ce a hankali.

"Baba fa? Ka gan shi?"

Ya kawar da fuska.

"Fermin!"

"Na gan shi."

"Ya kira ka?"

Ya sunkuyar da kai.

"Ya kira ni, Sulma..."

Sulma ta yanke jiki ta faɗi. Abu na ƙarshe da ta gani shi ne kifin nan yashe a ƙasa, da bayan Fermin yana fita cikin yayyafi.

*

Shekara biyu ke nan suna son juna, kuma babu wanda bai sani ba a Barra Santa Ines, ƙauyen masunta 'yan ƙabilar Garifuna da ke zaune a kan zirin yashi tsakanin kogi da teku. Uwar Fermin 'yar gari ce, amma ubansa mutumin tudu ne, yaron masu shanun da suka zagaye gonakin rogon ƙauyen da waya shekarun baya. Baba Lisandro bai taɓa mantawa ba. Sau biyu Fermin yana zuwa da kawunsa neman aure, sau biyu tsohon yana amsa musu ba tare da ya ɗago daga ɗinkin komarsa ba.

"Ɗan tudu ya je tudu ya nemi mata. 'Yata ba gona ba ce da za a kewaye."

Sai Sulma ta yi ta kuka a bayan gida, Fermin yana lallashinta ta kan shinge.

"Haba rabin raina, ki bar hawayen nan. Tsohon nan kamar kwakwa yake, sai an daure da ɓawon kafin a sha ruwan."

"Kai komai wasa ne a wurinka!"

"To in yi kuka ni ma? Ki tausaya wa kajin unguwa, muryata ba daɗi."

Dole ta yi dariya.

Ana haka watan Oktoba na 1998 ya zo da guguwar da rediyo ke kira Mitch. Kwana biyu iska tana kuka kamar dabbar da aka yanka ba a ƙarasa ba. Mata da tsofaffi suka tare a makaranta, ita ce kaɗai ginin siminti a kan tudu. Baba Lisandro ya ce shi ba inda za shi, ya ga guguwa ta fi a ƙirga, ba zai bar komarsa da gidan da ya gina da hannunsa ba. Da safiyar rana ta uku Sulma ta saci jiki ta koma ta roƙe shi. Tana cikin roƙon kogi ya ɓalle ta baya, teku ya taso ta gaba, suka haɗe a tsakiyar gari. Tsohon ya tura ta kan rufi ya biyo ta, amma wata igiyar ruwa ta fizge ta daga hannunsa. Ta tuna ta rungumi bishiyar kwakwa. Ta tuna ruwa a bakinta. Daga nan ba ta tuna komai ba sai farkawa a ƙasan kwalekwale, fuskar Fermin a kanta yana kiran sunanta kamar mahaukaci.

Mutum talatin da ɗaya ƙauyen ya rasa. Goma sha biyu aka samu aka binne. Baba Lisandro ba ya cikinsu.

*

Washegarin addu'ar ta same shi a bakin teku, inda unguwarsu take a da. Yanzu babu komai sai yashi da kututturan kwakwa, da wata tukunya kife. Yana zaune yana toshe tsagar kwalekwalensa da kwalta.

"Ka gaya mini duka," ta ce. "Kada ka rage komai."

Ya ajiye abin hannunsa.

"Injin ya mutu tun da farko, filafili kawai ya rage mini. Ruwan yana gudu kamar doki. Na hango Baba a dama a kan rufi, na hango ki a hagu jikin kwakwa, ruwa ya kai miki wuya, kanki ya fara langaɓewa. Wuri ɗaya kawai zan iya nufa. In na wuce, na wuce ke nan."

"Sai ka zaɓa."

"Sai na zaɓa."

"Me ya ce da ya kira ka?"

"Sunana kawai na ji. Iska ta cinye sauran."

"Ba ka koma ba?"

"Na sauke ku a makaranta na koma. Babu rufin, Sulma. Babu gidan ma..."

Ta dafe ƙirji.

"Kwana tara kana kallona ina bin gawawwaki ina buɗe fuskokinsu! Kwana tara ba ka ce komai ba!"

"Na ji tsoro."

"Tsoron me?"

"Tsoron irin kallon da kike yi mini yanzu."

Ya miƙo hannu, ta ja da baya kamar wuta ce.

"Kada ka taɓa ni! Ka san abin da ka yi mini? Duk loma ɗaya da zan kai baki, ta Baba ce. Duk numfashin da zan ja, nasa ne. Wa ya ce ka saya mini rai da ran ubana?"

"Sulmata..."

"Ni ba taka ba ce. Da ka bar ni a jikin bishiyar nan ya fi mini sauƙi."

Ta juya da gudu. Bai bi ta ba.

*

Kwanaki suka ja. Gada ta karye, hanyar birnin Trujillo ta zama kogi, sai jirgi mai saukar ungulu da ke jefo masara da wake sau ɗaya a mako. Rijiyoyi duk sun yi gishiri. Gonakin rogo da na agada sun kwanta ƙarƙashin laka. Dattawa suka yanke shawarar a tashi daga bakin ruwa a koma wani fili can ciki, mutane suka fara kwasar langa-langa da katakon da suka tsinta.

Mama Teofila ta ce ita ko da igiya ba za a ja ta ba.

"Mijina yana cikin ruwan nan ba kabari, in tafi in bar shi? In ya zo mini a mafarki yana jin sanyi, in ce masa me?"

Kullum tana zaune a bakin makaranta tana kallon teku. Sulma ta rame har wuyanta ya fito. Ba ta kuka kuma, ba ta magana, sai dai ta dafa, ta wanke, ta kwanta.

Gari kuwa ya juya wa Fermin baya. In ya zo layin rabon abinci sai a matsa. Wasu har tofar da yawu suke yi. Yadira ce kaɗai ake gani tana bin bakin kogi da kwano a rufe, tana kai masa.

Wata rana suka haɗu da Sulma a wurin ɗiban ruwan sama.

"Ƙawata, kin ga yadda kika koma kuwa?" in ji Yadira. "Ki cire shi a ranki. Wanda ya iya yi wa uba haka, me zai bar wa 'ya?"

"To ke me kike kai masa a kwano?"

Yadira ta yi fari da ido.

"Tausayi ne. Ai ko kare ba a bar shi da yunwa ba."

Wata tsohuwa mai suna Kasilda, da ke kusa tana tace ruwa da ƙyalle, ta yi tsaki.

"Tausayin da ke shafa hoda kafin ya fita? Yarinya, kwanonki kullum cike yake dawowa, muna gani. Mutumin da ke fita tun safe sai yamma, ina ya ga lokacin cin abincinki?"

Sulma ta dube ta.

"Ina yake zuwa, Inna Kasilda? Ai babu mai kamun kifi yanzu."

"Au, ba ki sani ba? Fadama yake shiga. Ubanki yake nema."

Bokitin ya faɗi daga hannun Sulma.

Fadamar da ke bayan kogi, wadda bishiyoyinta ke tsaye da saiwoyi a cikin ruwa, can ambaliya ta tara duk abin da ta kwashe: matattun shanu, rufin gidaje, katifu. Wari ya hana kowa kusantarta. Nan Fermin yake kutsawa kullum, ruwa iya ƙirji, da adda a hannu.

Ranar Sulma ta yi niyyar zuwa ta hana shi. Har ta kai rabin hanya, sai ta tuna hannun Baba yana suɓucewa daga nata, ta juyo.

Wannan juyowar ita ce abin da ba ta taɓa yafe wa kanta ba.

*

Ranar kwana ashirin da uku da ambaliyar, da hantsi, aka ga kwalekwale yana tahowa a hankali kamar ba mai tuƙi. Fermin ya sauko da ƙyar, ya ɗauko wani abu naɗe cikin tamfol, ya rungumo shi kamar jariri. Ya taka har gaban Mama Teofila ya durƙusa ya ajiye.

"Ga shi na kawo miki shi. Ki yafe mini jinkirin."

Ta ɗaga gefen tamfol ɗin. Babu fuskar da za a gane. Amma ga zoben aurensu, ga bel ɗin fata da ta saya masa da kanta a Trujillo.

"Lisandro..." ta ce can ƙasa. "Ka dawo, mai taurin kai? Ka dawo?"

Sai a lokacin kukan da ta riƙe ya ɓalle. Sulma ta faɗa jikinta suka rungume juna.

Da Sulma ta ɗago, sai ta ga Fermin yana ƙoƙarin miƙewa ya kasa. Idanunsa sun yi rawaya kamar kwaiduwar ƙwai, leɓɓansa sun tsage, ƙafarsa ta dama ta kumbura ta yi baƙi daga wani yanka da ya ɗaure da tsumma.

Ya kife a kan yashi.

"Fermin!"

Jikinsa kamar garwashi. Ta ɗora kansa a cinyarta tana jijjiga shi.

"Tun yaushe kake haka? Tun yaushe?"

"Kwana... biyar, ko shida. Ba komai, zazzaɓi ne..."

"Ba komai? Ka dubi ƙafarka! Wayyo Allah, ku taimake ni!"

Mutane suka taru, amma babu wanda ya matso. Sai ga Yadira ta kutso, ta tsaya a kansa, ta ga yadda ya koma. Ta ɗora hannu a ka ta fasa ihu.

"Ni ce! Ni na kashe shi! Mama Teofila, ƙarya na yi! Bai faɗi waccan maganar ba, na rantse da Allah bai faɗa ba! Kuka yake yi yana tuƙi, yana cewa 'Baba ka riƙe, ina dawowa!' Ni na ƙara sauran... na ɗauka in Sulma ta bar shi zai dube ni..."

Mama Teofila ta share fuska da gefen ɗankwalinta, ta tako ta durƙusa kusa da Fermin.

"Ɗana, buɗe ido ka dube ni."

Ya buɗe da ƙyar.

"Shekara talatin da huɗu na zauna da mutumin can. Da ka ɗauko shi ka bar masa 'yarsa a ruwa, da hannunsa zai shaƙe ka kafin ku kai tudu. Na san haka tun ranar farko. Zafi ne ya sa na nemi wanda zan ɗora wa." Ta juya ga mazan da ke tsaye, muryarta ta dawo da ƙarfinta. "Ku kuma me kuke kallo? Gumaka ne ku? Ku kawo babban kwalekwale! Asibitin Trujillo za a kai shi yanzun nan!"

*

Babu man fetur ko ɗigo a garin, sai filafili. Maza huɗu suka kama tuƙi, suka bi gaɓar teku. Tafiyar da injin ke yi cikin awa biyu, yanzu sai an wuni. Rana ta take. Sulma ta zauna a tsakiya, kansa a cinyarta, ta yi masa inuwa da ɗankwalinta, tana ɗiga masa ruwa a baki.

Suka wuce ƙauyuka uku. Ko'ina labarin ɗaya ne: kwakwa ba kai, gidaje ba rufi, mata zaune a kan yashi sun zuba tagumi.

"Sulma..."

"Na'am, hasken idona. Ina nan."

"Kin daina fushi?"

"Yi shiru. Ni ce zan roƙe ka. Maganar da na faɗa maka a bakin teku..."

"Na manta ta."

"Ƙarya kake."

Ya yi ɗan murmushi.

"To... na kusa mantawa."

Hawayenta ya ɗiga a goshinsa.

"Da ka warke za a ɗaura mana aure. Ka ji Mama da kunnenka, ɗana ta ce maka. Ko a ƙarƙashin tamfol ne, ko ba riga, ko ba kiɗa."

"A'a, ban yarda ba... sai da kiɗa. Ina so in ga Inna Kasilda tana rawa."

"Za ta yi. Ko ba ta so sai ta yi."

"Ki dafa mini miyar kwakwa da kifi... ki daka agada da yawa..."

"Har sai ka ce ta ishe ka."

Numfashinsa yana fita da ƙyar.

"Da na same shi... na zauna kusa da shi na gaya masa komai. Na ce, Baba, 'yarka tana raye. Na sake roƙonsa aurenki."

"Me ya ce?" ta tambaya.

"Wannan karon dai... bai ce a'a ba."

Ta yi dariya cikin kuka, ta sunkuya ta sumbaci goshinsa.

La'asar ta yi, duwatsun Trujillo suka bayyana can nesa. Ɗaya daga cikin matuƙan ya ce, "Ga gari can! Ku ƙara ƙarfi!"

"Ka ji, Fermin? Mun kusa. Ka buɗe ido ka gani."

Bai buɗe ba.

"Fermin?"

Ta girgiza shi a hankali. Ta sake girgiza shi da ƙarfi.

"Fermin! Kada ka yi mini haka! Ga asibitin can ana hange! Rabin raina, ka tashi... don Allah ka tashi..."

Matuƙan suka tsayar da filafilansu ɗaya bayan ɗaya. Babban cikinsu ya cire hularsa. Kwalekwalen ya tsaya yana lilo a kan ruwa, ba abin da ake ji sai muryar Sulma.

Daga bisani suka juya kansa suka nufi gida.

*

Rana ɗaya aka binne Fermin da Baba Lisandro, a sabon filin da gari zai koma. Su ne farkon waɗanda suka tare a can. Yadira ba ta zo ba, tun da safe ta bi wani kwalekwale zuwa wurin danginta, ba a sake ganinta a Barra Santa Ines ba.

Masu haƙa sun ja layin kabari biyu nesa da juna, ɗaya a gefen dangin Lisandro, ɗaya can bakin shinge. Mama Teofila ta zo ta tsaya a kansu.

"Wa ya ce ku raba su?"

"Mama, ai mun ga ba dangi ba ne..."

"Surukinsa ne. Ku haƙa a nan, kafaɗa da kafaɗa."

Aka yi yadda ta ce.

Da aka gama mutane suka watse, kowa ya koma ga katakonsa da langa-langarsa, don hadari ya fara haɗowa kuma yawancinsu ba su da rufi. Sulma ta zauna tsakanin kaburburan biyu, hannu ɗaya a kan wannan, ɗaya a kan wancan. Ƙasar tana da ɗumi.

Mahaifiyarta ta daɗe tsaye a bayanta.

"Tashi mu je, 'yata."

"Ina za mu, Mama? Wa ya rage mana?"

"Ni na rage miki, ke kika rage mini." Ta kamo hannunta ta ɗaga ta. "Mutum biyu sun biya ranki da tsada, Sulma. Ba ki da ikon wulaƙanta shi. Za ki ci abinci yau, ko kina kuka."

Sulma ta share fuska. Ta sunkuya ta ɗauki gefe ɗaya na langa-langar da aka ba su, uwar ta kama ɗaya gefen, suka nufi filin da aka yanka musu, ruwa yana fara sauka.